Ƙauyen Baba Harold da ban taɓa gani ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba Harold, Baturen Ingila, likitan dawaki, wanda na yi wa direba a nan Doha. Tsoho ne mai ƙarancin magana, amma da zarar mun kama hanyar Mu'aither zuwa bargar dawaki, sai bakinsa ya buɗe. Hirarsa ɗaya ce, ƙauyensu.

Ƙaramin ƙauye ne na makiyaya tumaki, da tsohon coci na dutse a tsakiya. Ya san wanda ya haƙa kowace rijiya, da gidajen da ambaliya ta cinye zamanin kakansa, da sunan kowace gona, don a can ma gonaki suna da sunaye kamar namu. Mahaifinsa ne mai kaɗa ƙararrawar cocin. Wata rana muna tsaye a danja ya ce mini, "Sani, kusa da babana za a binne ni. Na riga na zaɓi wurin." Na ce, "Baba, da sauran lokaci." Ya yi dariya kawai.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi yana bakin aiki. Ni na raka gawarsa filin jirgi. Daga baya 'yarsa Helen ta shaida mini cewa maƙabartar cocin ta cika, an daina binne kowa a ciki. A birni aka sa shi, cikin mutanen da bai sani ba.

Yanzu an rufe cocin, makarantar ƙauyen ta zama gidan hutun wasu masu hali. Nakan tambayi kaina, da yana raye me zai ce? Ina jin fuska kawai zai juya wajen tagar mota.

Bara Helen ta kira ni ina cin abinci a unguwar Muntazah. Ta ce ragowar tsofaffin ƙauyen suna tattara tarihinsa, sun rasa wanda ya san sunayen gonakin bayan kogi. "Kai ya fi yi wa hira, Sani. Mu ba mu tsaya mun saurara ba."

Na ture kwanon gefe, na faɗa mata waɗanda na tuna. Akwai wata da yake yawan ambata, inda ya fara koyon hawan doki. Na yi ta lalube a kaina, sunan ya ƙi zuwa. Ta ce ba komai, in kira ta duk ranar da ya faɗo mini.

Har yau ban kira ba.