Saodah, Turken 'Yan Kore

Ajinmu ɗaya da Saodah tun daga sakandare, a ƙauyenmu na Kedah, kuma gidanmu ɗaya a wasanni: Kore. A makarantarmu ba a zaɓar gida, gadonsa ake yi. In uwarka Kore ce, kai ma Kore ne har ka mutu. Ko a wurin girkin biki, 'yan Ja da tukunyarsu, mu da tamu.

Tana da shekara goma sha uku Malam Maniam, mai koyar da wasanni, ya dube ta sama da ƙasa, ya ga faɗin kafaɗa da ƙwaurin da ya saba da laka a gonar shinkafa, ya sa ta a ƙarshen igiya. A wasan jan igiya, na ƙarshe shi ne turke. Ana naɗe masa igiyar a ƙugu, a ɗora ta kafaɗa, ya haƙa rami da dunduniya ya kwanta baya. Kowa na iya sakin igiya in hannunsa ya yi zafi, ban da shi, don a ɗaure yake. Malam ya ce mata, "Ke ba ja ne aikinki ba. Ki tsaya kawai, har ki ji usur."

Ta tsaya. Shekara biyar ba a motsa ta ba. Halin ya bi ta gida. Da mijinta ya rasu, ita kaɗai ta ci gaba da tsaga itatuwan roba, ta yi jinyar surukarta shekara tara, ta riƙe 'ya'yan ƙaninta uku. Mutane suna cewa makaranta ce ta gina ta. Ni dai na lura ba ta taɓa koyon cewa a'a ba.

Kowace shekara, ranar wasanni, tsofaffin ɗalibai mata su ke rufe taro da jan igiya, Kore da Ja. Saodah ba ta taɓa fashi ba. Mu muka rinƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, wata hawan jini, wata jikoki, ana cike gurbinmu da matasa. Ita ba a cike nata ba.

Bara, tana da sittin da ɗaya, gwiwarta ta dama ta ƙi. Sallah ma a kan kujera take yi. 'Yarta Marlia, ma'aikaciyar jinya ce a Penang, ta samo mata ranar aikin tiyata bayan jiran wata goma sha ɗaya. Likita ya ce kafin ranar kada ta ɗauki ko bokitin ruwa. Ranar wasanni kuwa ta faɗo sati guda kafin ranar aikin.

Ina gidanta muna cin shinkafar kwakwa a ganyen ayaba, sai ga Hasnah, shugabar matan Kore, da sabuwar riga a leda. Kak take ce mana, wato Yaya, Saodah kuwa Odah muke kiranta.

"Kak Odah, ga taki. Har suna mun sa an buga a baya."

"Gwiwar ce, Hasnah."

"Haba Kak, minti nawa ne? Ke da ko ja ba kya yi. 'Yan Ja fa sun samo wata ƙatuwa daga Baling, suna ta yawo da baki wai bana za su ja ki har bakin titi."

Na ce, "Ke Hasnah, ke ma ai ba ƙaramar mace ba ce. Ɗaura a naki ƙugun mana."

"Ni? Iska ma ja na take yi, Kak Kiah."

Saodah ta yi dariya, ta karɓi rigar. Da Hasnah ta tafi na ce mata ba ta da hankali. Ta ce, "To me zan ce musu? Sun riga sun buga suna."

Marlia ta buga waya tana kuka: "Mak, wallahi in kika taɓa igiyar nan ba zan zo ɗaukarki ba." Uwar ta ce mata ba za ta taɓa ba. Ƙarya ta yi.

Ranar wasannin na je. An yi ruwa da safe, filin ya jiƙe. Na ga ta cire takalmi, ta haƙa raminta da ƙafar hagu. Zagayen farko Kore suka ci. A na biyu, 'yan gabanta suka zame suka saki, nauyin mata takwas ya dawo kanta ita kaɗai. Daga inda nake na ji ƙarar gwiwar. Ba ta faɗi ba sai da aka busa usur, kuma ƙyallen da aka ɗaura a tsakiyar igiyar bai tsallake layi ba. Aka ba Kore kofi. Sai da aka yanka igiyar kafin a iya ɗaga ta.

An yi aikin, amma ba wanda aka shirya ba, wannan ya fi girma. Yanzu tana wurin Marlia, hawa na goma sha huɗu, tana kallon rufin gidajen mutane ta taga. Likita ya ce in ta yi motsa ƙafar da aka koya mata, za ta taka cikin wata shida. Ta ƙi yi. Marlia ta kira ni wai in zo in yi mata faɗa, ko ta ji tawa.

Na hau mota na je. Na same ta a keken marasa lafiya, ta rame.

Na ce, "Odah, raki kike yi da tsufanki? Tashi ki kama ƙarfen koyon tafiyar nan."

Ta leƙa ta ga Marlia tana kicin, ta rage murya.

"Kiah, in na miƙe, 'yan Kore za su zo nemana?"

Na so in yi mata ƙarya, amma ba halina ba ne. Na ce, "Za su zo. Hasnah ma ta ce in gaishe ki, ta tambayi yaushe za ki dawo."

Ta gyaɗa kai, ta ja zane ta rufe gwiwar.

"To bar ni a nan," in ji ta.