Yadda Baba Gireda Ya Kankare Layinsu

Ba mai kiransa da sunan yanka a unguwar, sai dai Baba Gireda. Yayarsa ce kaɗai, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, take ce masa Auta, duk da furfura ta cinye masa gemu. Ya shiga aikin ƙaramar hukumar bayan gari tun yana saurayi, yana zuba mai yana wanke taya, har direban farko ya tsufa ya bar masa kujerar. Hukumar ba wata babba ba ce. 'Yan ofisoshi ne a jere, da bishiyar da masinja ke gyangyaɗi a ƙarƙashinta, sai fili a baya inda ake ajiye gireda guda ɗaya tilo, wadda fentinta ya koɗe har ta koma kalar ƙasar da take turawa.

Kowace shekara kafin damina yakan bi layukan unguwannin bayan gari ɗaya bayan ɗaya, ya cike ramuka, ya yi wa hanya ɗoro a tsakiya don ruwa ya zame gefe. In ya shigo layi mata sukan kwashe shanya, masu shago su fito suna nuna masa inda ya fi lalacewa, kamar shi ba ya gani.

Layin da ya fi ba shi wahala nasu ne. Gangare ne tun daga bakin titi har ƙasa, gidan Yaya ne na ƙarshe, bayansa sai fili da wani tsohon rami. Shekara da shekaru mutanen layin suna zuba ɓaraguzan bulo da fasassun tayil a ƙofar gidajensu, ƙafa da taya suna dannewa, har ƙasar ta yi tauri kamar siminti. Muni kam akwai shi, mai mashin ba ya sauka layin bai yi tsaki ba, amma ruwa ba ya cinsa. Yaya kuwa ta tara wani tudu a gicciye gaban ƙofarta, shi ke karkatar da ruwan gangaren zuwa fili. Duk shekara sai ta fito ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

"Auta, in wuƙar nan taka ta taɓa min tudu, sai na fasa wancan gilashin."

"Yaya, kayan gwamnati ne fa."

"Gwamnati ce ta goya ka? Ɗaga min abin nan ka wuce."

Sai ya ɗaga wuƙar giredar yana dariya, ya kewaye.

Akwai wani abu da kowa a bayan gari ya sani game da aikin ƙaramar hukumarsu. In ka wayi gari ka ga an kafa turaku a layi an shafa musu jan fenti, to ka janye rumfarka, aiki ya zo. Ba wai don shugabannin sun fi na wasu kirki ba. Shugaban hukumar a cikinsu yake zaune, kasuwa ɗaya matarsa ke zuwa da matan unguwa. In turaku suka daɗe ba a ga leburori ba, zai fito da safe ya tarar da tsofaffi sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa. Saboda haka ba a kafa turke sai an tabbatar da kayan aiki a hannu.

Da aka fara maganar haɗe birni da unguwannin bayan gari su zama hukuma ɗaya, Baba Gireda na cikin waɗanda suka fi murna. An ce aljihu zai zama ɗaya, abin da cikin birni ke samu bayan gari ma zai samu, har da kwalta da magudanan ruwa. Shi ya gaji da gyaran da damina ɗaya ke rushewa. Ga kuma 'yarsa ta gama jami'a tana zaune a gida, kullum tana duba waya ko an kira ta aiki, ya ce a ransa babbar hukuma ai ba za ta rasa kujera ɗaya ba.

A rumfar mai faci, abokinsa na bakin titi, ake yin gardamar da yamma.

"Gwamnan burji, kai da kanka kake so a haɗiye mu? In aka haɗe, ƙofar wa za mu je mu shimfiɗa tabarma?"

"Faɗi gaskiya dai. Tsoron kwalta kake, kada taya ta daina fashewa ka koma sayar da iska."

"Iskar ma ai ku kuke sayarwa yanzu, kyauta."

Aka yi haɗewar. Aka sauke allon ƙofar ofis, aka kwashe kujeru a babbar mota, masinja ya koma gida. An ce wa Baba Gireda ya kai giredar babban garejin birni ƙarshen mako, can zai ci gaba da aiki. Ana cikin haka sai ga wasu samari da hulunan kwano da na'urar awo a layinsu. Suka auna tun daga sama har ƙofar Yaya, suka kafa turaku gefe da gefe, suka shafa musu jan fenti, suka shiga mota suka tafi.

Layin ya ɗauki murna. Baba Gireda ya tsaya yana kallon turakun, wani tunani ya shige shi. Ya san masu kwalta ba sa zubawa a kan ɓaraguzai, sai an kankare an daidaita. Ga gireda a hannunsa, ga ragowar mai a tanki, kuma daga ƙarshen mako ba shi da iko da ita. In ya share musu hanya, layinsu ne zai zama na farko. Ya ga wannan ita ce kyautar da zai bar wa unguwa bayan duk shekarun nan. Bai tambayi kowa ba, don a tsohon tsari ba a tambaya. Wa zai tambaya ma, ofis a kulle?

Ya fara daga sama. Wuƙar ta shiga ƙasa tana ƙara, ɓaraguzan shekara da shekaru suna tashi gaba ɗaya kamar ana ɓare ɓawo. Mutane suna tafi. Da ya iso ƙasa, Yaya na tsaye a kan tudunta.

"Kada ka soma."

Ya kashe injin ya sauko. "Yaya, dubi turaku. Tun da kike kin taɓa ganin an kafa turke a banza? Magudana za a yi miki ta siminti, nan daidai inda kike tsaye."

"In damina ta riga su fa?"

"Ina damina yanzu? Kafin hadarin farko kina shanya a kan kwalta."

Ta dube shi, ta dubi jan fentin, ta dubi maƙwabta da suka taru suna cewa ta yi haƙuri. Ta sauka a hankali tana dafa gwiwa.

"Shi ke nan, Auta. Kai ka san aikinka."

Ya ture tudun da sauran ɓaraguzan duka cikin tsohon ramin fili, ya bi ta kai ya danne. Da yamma layin ya yi sumul, ƙasa ja mai laushi tun daga titi har ƙasa. Mai faci ma ya leƙo ya ce, "To, yau kam ka yi abin kai."

Babban garejin birni ya ninka tsohon filinsu sau da yawa. Motoci da injuna daga duk hukumomin da aka haɗe suna jere, rabinsu a kan duwatsu ba taya. Shugaban wurin wani injiniya ne matashi, mai ladabi, wanda idanunsa kullum ke nuna bai ƙoshi da barci ba. Aka tura Baba Gireda wani aikin faɗaɗa hanya can ɗaya gefen birni. Ya zuba ido yana jira. Da ya ga wata ya shuɗe, wani ya kama, ba labarin tifa ko ɗaya a layinsu, sai ya shiga ofis ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, maganar layinmu ce, wanda aka kafa wa turaku. Na ce ko an sa rana."

"Turaku? Ai ko'ina mun kafa, Baba. Awo ne kawai, mu san tsawon hanyoyin da muka gada. Maganar kwalta sai an zauna an ga wanda za a fara da shi. Bana dai ban ce ba."

Baba Gireda ya nemi kujera ya zauna ba a ce ya zauna ba. Ya faɗa masa abin da ya yi. Injiniyan ya dafe goshi.

"Haba Baba. Wa ya sa ka?"

"Ba kowa. A wurinmu in an kafa turke..." Bai ƙarasa ba. "A ba ni giredar yini ɗaya, ranka ya daɗe, in je in gyara."

"Ba ni ke bayarwa ba yanzu, sai an rubuta sama. Zan rubuta, wallahi zan rubuta. Amma Baba, ko na ba ka yau, me za ka mayar a kai? Tsakuwa kake da ita?"

Ba shi da ita. Abin da ya kankare yana ƙarƙashin ƙasa a rami, ya danne shi da hannunsa, kuma ba turi ɗaya ya gina shi ba balle turi ɗaya ya mayar.

Daga ranar, in ya taso aiki ba ya shiga gida. Baro da shebur yake ɗauka, ya bi wuraren da ake gini yana roƙon fasassun bulo. Mai faci ya ba shi tsofaffin tayu, bai yi masa ba'a ko sau ɗaya ba, abin da ya fi ba'ar ciwo. Wasu maƙwabta suka taya shi, wasu suka daina amsa gaisuwarsa da kyau. Dattawan layin suka shiga mota suka je sabuwar sakatariya, aka karɓe su da mutunci a wani ɗaki mai sanyi, aka ce wanda ke kula da shiyyarsu yana taro. Suka dawo suna tambayar juna ko akwai wanda ya san ma inda gidan sabon shugaban yake.

Ya sake tara wa Yaya tudu da buhunan yashi da tayu. Ta taka shi da ƙafa, ƙafar ta nutse.

"Wannan ai katifa ce, Auta."

"Ki koma gidana kafin damina ta wuce, don Allah."

"In bar ɗakin da mijina ya gina, in je ina kallon ka kana zumɓura baki? Ina nan."

Sai ya ce wa 'yarsa ta riƙa yini a wurinta.

Ruwan farko ya tsaga layin a tsakiya, 'yar siririyar hanya kamar an ja da sanda. Na biyu ya mai da ita kwari har gwiwa. Mota ta daina shiga. Turakun ma ruwa ya tafi da wasu, sauran aka cire aka hura wuta da su.

Babban ruwan da la'asar ya zo. Baba Gireda na can ɗaya gefen birni, a cikin giredar, ruwa na dukan gilashi har ba ya ganin wuƙar. Wayarsa ta yi ƙara. Muryar 'yarsa ce, tana magana tana haki, bai fahimci komai ba sai "Baba, katanga." Ya bar giredar a nan. Motoci sun tsaya cak a kan hanya, ya yi rabin tafiyar da ƙafa.

Da ya iso, ruwan ya tsagaita. Layin gaba ɗaya ya kwararo ƙasa, jar laka ta share buhunan da tayun, ta ci gindin katangar Yaya har ta kife, ɗakin kwananta ya bi ta. Gadonta na leƙowa daga ƙarƙashin kwano. 'Yarsa ce ta ji bango na ƙara, ta ja gwaggonta da ƙarfi suka fita ta ƙofar kicin, ruwa har ƙugu. Ya same su a gidan maƙwabta, an lulluɓe Yaya da bargo, yarinyar na zaune a ƙasa kusa da ita. Har yanzu in hadari ya haɗu yarinyar takan tashi ta tsaya kusa da ƙofa.

Ya durƙusa gaban Yaya. Ya so ta zage shi, ta tuna masa abin da ta ce, ta faɗa a gaban kowa. Ta dai dube shi daga sama har ƙasa.

"Ji yadda ka jiƙe. A ba shi riga mana."

Sauran ɗakunan sun tsage, magini ya ce ba a kwana a ciki. Babban ɗanta ya zo daga garin da yake aiki, ya ce da uwarsa zai tafi, kuma bai dubi kawunsa ba sa'ad da yake faɗa. Motar kaya ba ta iya sauka layin, sai a ka aka riƙa hawo da abin da ya tsira har bakin titi. Baba Gireda ya ɗauki keken ɗinkinta shi kaɗai, ya ƙi a kama masa. Yaya ta hau gangaren tana hutawa a kowace ƙofa, tana sallama da matan da suka yi aure tare, suka yi goyo tare.

A bakin mota ya ce, "Yaya, ki yafe min."

"Ni ma ai na ga turakun, na sauka da ƙafata." Ta gyara mayafi. "Ka riƙa cin abinci, ka rame kamar ba ni na raine ka ba."

Yana nan yana aiki a babban gareji, saura kaɗan ya yi ritaya. Injiniya ya ce takardar da ya rubuta tana sama, ba a ƙi ba, ba a kuma amsa ba. 'Yarsa ba a kira ta ba tukuna. Yaya takan bugo masa waya ƙarshen mako, ta yi ƙorafin gidan bene da matakalarsa, da maƙwabtan da ba sa gaisuwa. Wani lokaci takan tambaya ko an yi ruwa a wajensu. Ya ce an yi. Sai ta ce to, a gaida yara.