Shekarun Mama Ladi

Har na bar aikin nan, ba zan manta da ranar da Mama Ladi ta tona mini asiri ba.

Ku da kuka zo yanzu kun tarar da ofis mai bene a Maitumbi, ga motoci. Mu kuwa a zauren wani tela muka fara a Tudun Wada, mu huɗu da allo ɗaya, muna koya wa matan kasuwa karatu. Duk wadda ta zo da tabarmarta ta zama ɗaliba. Da masu ba da tallafi suka shigo, sai aka kawo manaja, aka kawo fom, ni kuma aka ba ni aikin zagaya azuzuwa ina kai rahoto. Can sai takarda ta zo, wai shirin ya koma na matasa, duk wadda ta haura shekara talatin da biyar a cire ta.

A ajinmu na Barkin Sale akwai Mama Ladi mai sayar da doya, kai duk furfura. Burinta ɗaya, ta karanta Littafi Mai Tsarki da kanta, ga shi ta fara haɗa baƙi. Wallahi na kasa korar ta. Sai na rubuta mata talatin da huɗu a rajista, na yi shiru abina.

Ranar da mai duba aiki ta zo daga Abuja, manaja ya ce a fito da wadda ta fi ƙoƙari. Wa za a fito da ita in ba Mama ba? Aka miƙa wa Mama rajistar ta karanta. Ta bi da yatsa sannu a hankali har ta iso layinta, sai ta ɗago kai ta dube ni.

"Malam Sani, wa ya rubuta wannan ƙaryar? Autana ma ya wuce haka!"

Aji ya kwashe da dariya.

A ofis manaja ya ce, "Sani, ka san abin da ka jawo mana?"

Na ce, "Na sani, yallaɓai."

Aka ba ni takardar gargaɗi, aka kuma ce ni da hannuna zan soke sunanta. Na je rumfarta na faɗa mata, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Tana jera doya ta ce, "Ɗana, soke mana. Karatun da ya riga ya shiga kaina fa, shi ma za ku soke?"

Ƙaryar laifina ce, kada waninku ya kwaikwaya. Amma duk ranar da sabuwar doka ta zo daga sama, kafin ku sa hannu, ku je aji ku dubi fuskar wadda za a kora.