Malam Nsangu, Mun Amsa Gayyatarka

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Maris 2018, bayan La'asar, aka gaya mini Malam Ilyasu Nsangu ya rasu a gidansa da ke unguwarmu ta Hausawa a Garwa. Ina shago na ji, na rufe ban ko kashe fanka ba.

Malam, kai ka koya mana Faransanci da Latin a lise, wato sakandare. Mu 'ya'yan 'yan kasuwa ba mu ga amfanin harshen da masu shi suka mutu ba, kuma ba mu ɓoye maka ba. Amma darasi ɗaya ya zauna mini. Ka rubuta invitare a allo, ka ce daga nan Faransawa suka sami inviter, Sifaniyawa invitar, Italiyawa kuwa suka bar ta yadda suka tarar. Ka ce a bakin Rumawa ba ta tsaya kan kira ba, har da saukar baƙo da ciyar da shi. Da muka tambayi tushenta na can farko, ka ce masana ba su daidaita ba, kai ma ba za ka yi mana ƙarya ba.

Sai da na girma na san abin da ya sa muryarka ta yi sanyi a ranar. Ka zo daga Fumban a 1984, baƙo. Da aka haifa maka ɗan fari, ka buga katin suna mai kyau, ka aika kowane gida. Aka yanka rago, aka shimfiɗa tabarmi, ba wanda ya zo sai liman. Mahaifina ne ya same ka da yamma, ya kira ka yadda ake kiran malami da Faransanci, ya ce, "Mushe, nan takarda ba ta gayyato mutum. Ƙafa ce da goro." Ka yi dariya, amma ba ka sake tara mutane a gidanka ba. Kana zuwa sunan kowa da jana'izar kowa, kana rubuta wa tsofaffinmu takardun asibiti kyauta, kana kuma tsoron a sake barinka da tabarmi.

Bana, da aka sa ranar auren autarka Rabi'atu, ka ɗauki goro da kanka. Ciwon zuciya ya ci ƙarfinka, zafin Maris ga shi nan, an kawo maka babur ka ƙi hawa. Gida gida ka bi. A ƙofata ka jingina da bango kana haki, ka ce, "Shu'aibu, wannan karon za su zo kuwa?" Na ce za su zo. Ban ga alamar ka yarda ba, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Dangi sun so a ɗaga auren. Matarka Hajiya Halime ta ce a'a, mai gidan ya riga ya gayyata. Ranar Asabar aka yi maka addu'a da safe, aka ɗaura aure a wuri guda. Tabarmi suka kasa, Malam. Har daga Ngong da Bibemi mutane suka zo, aka tare layi.

Allah Ya gafarta maka, Ya sauke ka masauki mafi kyau. Hajiya Halime, Rabi'atu da 'yan'uwanki, Allah Ya ba ku haƙuri. Goron da ka ba ni yana nan cikin ganyensa, na kasa fasa shi.

Shu'aibu Hamadu, Garwa