Sunan da Mzee Lutonja ya ara wa yarinyar fim

A gyara zama, jama'a, masu tsayi su rusuna. Ga Mzee Lutonja, wato dattijo Lutonja, na unguwar Mabatini, sarkin baki na duk garin Mwanza, mai jin harsuna goma sha biyu ba tare da ya koyi ko ɗaya ba, wanda ya sa Sinawa da Indiyawa da Turawa yin Swahili dole a cikin rumfar kwano. In ka gamu da shi a hanya ba za ka ba shi ajiyar akuya ba. Gajere ne, ƙafa gwame, riga ɗaya mai aljihu huɗu, kowane aljihu da gyaɗa. Amma a miƙa masa makirufo, a kunna fim, sai ka ga ƙato ya manta da kayan miyar da aka aike shi saye.

Ni ne Ngusa, ɗan acaba. Makaranta ce ta gaji da ni kafin in gaji da ita, don haka rabin ilimina a rumfar kallon Mzee na samo shi, a benci na uku kusa da taga.

Aikinsa fassara. Fim na tafiya, shi yana zaune gefen talabijin yana rage sauti yana zuba nasa. Fuska yake karantawa, abin da bai gane ba ya ƙirƙira, kuma nasa ya fi na masu fim daɗi. Na'ura tana ɗaukar muryarsa a kan fim ɗin, washegari masu tura finafinai a waya su raba wa gari. Abin da ya fi jawo masa mutane shi ne sunaye. Ba ya wahalar da harshensa da sunan Bature. Mugun fim sunan mahaucin unguwa yake ci, mai surutu ta ci sunan matar mai gidan haya. Duk wanda za a fara kashewa kuwa, Ngusa ne. Na mutu a jirgin sama, na mutu a bakin kada, sau ɗaya ma kaza ce ta yi sanadina.

"Baba, yaushe zan kai ƙarshen fim da raina?"

"Ran da ka daina gudu da babur kamar an biyo ka da bashi."

Yana da doka ɗaya da bai taɓa karyawa ba: sai ya kalli fim shi kaɗai da safe, ya san mai mutuwa da mai rayuwa, sannan ya raba sunaye. Ranar Asabar ɗin da nake ba ku labari an ɗauke wuta tun asuba, ba a dawo da ita ba sai bayan azahar, rumfa ta riga ta cika maƙil. Sabon fim ne daga wata ƙasa mai duwatsu da ƙanƙara. A jikin hoton bangon fim ɗin, wani tsoho ne da 'yar yarinya a wuyansa, duk suna dariya. Mzee ya juya hoton, ya taɓe baki, ya ce na barkwanci ne, a kunna.

Kuma da farko na barkwancin ne. Yarinyar fim ɗin shaiɗaniya ce, ta ɓoye wa kakanta takalmi ɗaya, ta ɗaura wa tunkiya hularsa. A bencin gaba kuwa ga jikar Mzee, Nkwimba, 'yar shekara shida, tana shan rake tana karkaɗa ƙafa. Uwarta Holo, 'yar Mzee ɗaya tilo, tana soya kifi a kasuwar da ke ƙasan gangare, kullum nan take barin ta. Mzee ya dubi ta talabijin, ya dubi ta benci.

"Wannan ai mun san ta. Nkwimba ce, ɓarauniyar takalmi!"

Rumfa ta kece da dariya. Yarinya ta miƙe a kan benci tana nuna ƙirjinta, "Ni ce! Ni ce!"

Can tsakiyar fim yarinyar ta fara tari.

Na ga lokacin da Mzee ya gane. Hannunsa ya tafi aljihun gyaɗa ya tsaya a can. Ya koma cewa "yarinyar nan", "'yar tsohon nan", amma bakin alƙalami ya bushe, mutane sun riga sun karɓe sunan. "Wayyo Nkwimba," in ji wata daga baya. Mai fassara kuma ba ya ajiye makirufo fim na tafiya, kamar yadda mai kwalekwale ba ya sauka a tsakiyar tabki.

Tsohon fim ya goya jikarsa ya kama hanyar asibiti. Ƙanƙara ta rufe hanya, mota ta ƙi zuwa. Yana tafiya yana ba ta labari don kada ta yi barci. Ba kiɗa, ba ihu, ba mugun da za ka zaga ka huce. Da suka isa, aka ce su bi layi. Ya zauna a benci, kanta a kafaɗarsa, yana ta yi mata hira, mu duk mun ga hannunta ya saki, shi bai gani ba.

Mzee bai ƙara komai nasa ba a wurin. Muryarsa ta yi ƙasa, yana cewa, "Nkwimba, tashi, mun iso. Nkwimba. Tashi mana, uwata."

Lasifikar rumfa a waje take, a kan sanda, don ta kira masu wucewa. Duk gangaren Mabatini ya ji. Holo ma ta ji, tana hawowa da bahon kifi a ka. Ta yar da bahon ta shigo da gudu, ta tarar da 'yarta lafiya lau ta yi barci da rake a hannu, da ƙattai hamsin suna share hanci. Ni kaina, ƙurar babur ce ta shiga mini ido, kowa ya sani.

Ba a taɓa fim irinsa ba a unguwarmu. Kowa ya ce haka, kuma ba wanda ya ce a sake kunnawa. Sai dai kowa ya tura wa ɗan'uwansa. Kafin mako ya zagayo ya haye tabkin da garinmu ke bakinsa, masunta sun kai shi tsibirai, direbobi sun kai shi garin Shinyanga.

Daga nan yarinya ta rasa sakat. Ta je sayen gishiri, mai kanti ya ƙi karɓar kuɗi, ya tsaya yana kallon ta. Mata a famfo su shafa kanta su ce Allah sarki. Yara suka ƙirƙiro wasa, ɗaya ya goya ɗaya, na baya ya saki hannu, sauran su yi ta "Nkwimba tashi mun iso". Sai kuma mura ta kama ta, murar damina da kowane yaro ke yi. Ta yi tari sau biyu, maƙwabta suka cika ɗakin Holo.

Ina gyara sarƙar babur a ƙofar rumfa Holo ta zo.

"Baba, da bakinka. Duk sunayen duniya ba ka ga na kira ba sai na 'yata?"

"Wasa ne, Holo. Ban sani ba."

"Kai da kake sanin komai tun safe? Ka cire ta daga cikin abin nan, ko in kai ta Geita wurin dangin ubanta. Ba zan zauna ana yi wa 'yata ta'aziyya tana tsaye ba."

Mzee ba shi da kowa sai su biyun nan. Yarinyar ce ke kai masa shayi, ita ke cin rabin gyaɗarsa. Na ce, "Baba, abu mai sauƙi. Ka sake fassarawa, ka sa mata Ngusa. Ni na saba mutuwa, ko a jikina."

Bai yi dariya ba, amma ya yarda. Washegari da safe muka rufe ƙofa, ni da shi, ya kunna. Na ɗauka wurin asibitin ne zai gagare shi. Ko kusa ba mu kai can ba. Yarinyar na fitowa da takalmin kakanta a bayan riga, tana danne dariya, Mzee ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya mayar baya, ya sake. Ya sha ruwa, ya sake. Ran Asabar ɗin wurin nan dariya ne, yau ka san inda ƙafafun nan masu tsalle za su ƙare. Ya kashe talabijin ya zauna yana kallon baƙin gilashi.

Na ce a ba ni. Ni da bakina bai taɓa rufuwa ba tun ranar suna, na riƙe makirufo, na ce "Ga Ngusa nan", sai na kasa ci gaba. Na ajiye.

"Ko mun yi," in ji Mzee, "wa zai bi wayoyin mutane ya goge na farkon?"

Ni na kai su bakin jirgin ruwa a Kamanga, Holo a baya da jaka, Nkwimba a kan tanki tana danna mini hon. Mzee bai raka su ba, ya ce akwai kallon ƙwallo da rana, wa zai buɗe rumfa. Holo ta ce in ƙura ta lafa za su dawo. Fim ɗin kuwa har Geita ya riga su isa, wani fasinja ya gaya mini.

Yanzu Mzee na nan. Yana buɗewa, yana sharewa, yana fassara finafinan faɗa da na aljanu. Sai dai ba ya ba kowa suna. "Mai jar riga ya bugi mai gemu," haka yake cewa. Mahauci ya zo da kansa ya roƙa a mayar da shi mugu, Mzee ya ce ya ji. Ni ma rabona da mutuwa an daɗe, kuma wallahi ban ji daɗin rayuwar ba.

Shekaranjiya na same shi yana jera benci. Na tsaya a bakin ƙofa na buɗe hannuwa, na ce, "Baba, ka san ko a Darussalam ana maganarka? Wani ɗan boko da na ɗauka ya ce ba a taɓa fassara irin wannan ba a ƙasar nan, ya ce kai taska ne, ya kamata a gina maka gunki a tsakiyar shataletale!"

Bai ko ɗago ba.

"Ka janye babur ɗinka daga ƙofa, yana ɗigar mai."