Lauyan Intanet a Shagon Fotokwafi

Duk Kaduna babu lauyan da ya san sirrin intanet kamar Barista Derrick Kazah. Haka allon tallarsa na Sabon Tasha ya ce, kuma shi ya sa aka rubuta.

A allon kawai Tagwai ta san fuskarsa. Yau ga shi gabanta a shagon fotokwafi a unguwar Television, da baƙar kwat cikin wannan zafi, wayoyi uku a hannu, gumi na jiƙa masa kwala. Ita takardun ƙaninta ta kawo. Wata bakwai yana tsare, don wani ya yi damfara da layin waya mai sunansa, kuma gobe za ta kai su ofishin mutumin nan.

"Madam Lizzy, buɗe imel ɗina ki buga min abin da mutumina ya turo," ya ce wa mai shagon. "Yi sauri, kotu za ni!"

Saƙon wani da ake tuhuma ya cika fuskar kwamfuta: sunansa, hoton matarsa, har abin da ya amsa wa lauyansa a asirce. Masu jira suna ta leƙe, wani ma yana karantawa da ƙarfi. Barista kuwa yana goge takalminsa a bayan wandonsa.

Ran Tagwai na tafasa. Haka za a baje ƙaninta, kamar gwanjo a bakin titi? Wataƙila dai Baristan gwani ne a gaban alƙali.

Ya kwashi takardunsa ya fice, ya bar imel ɗin a buɗe.

"Ba komai," in ji mai shagon. "Dama ni kaɗai na san lambar sirrin."