Inda Kakana Ya Binne Iri

A shekarar yunwa kakana ya binne tulu biyu na irin gero a gonarmu ta bayan garin Tsibiri, kuma ba mu sake ganinsu ba.

Bai gaya wa kowa ba. Ya san gidansa. Da iri yana cikin rumbu, da an daka shi tun rani bai yi nisa ba.

Ranar da ruwan fari ya sauka, ƙasa na ƙamshi, ya ce a ɗauko fartanya a biyo shi. A hanya ya yi mana bayani. Idan ka tsaya inda suri ya rufe maka bakin rijiya, kana kan layi ɗaya. Sai ka bi layin har gawon gabas ya daidaita da kukar da ke bayansa. Layi na biyu ke nan. Inda suka gicciye, nan za ka tona.

Suri yana nan, rijiya tana nan. Gawo babu. Babana da mutanen unguwa sun sare itatuwan wurin da bazara, har kututture suka tone suka yi gawayi, suka kai Maraɗi. Garin rogon da ya riƙe mu daga nan ya fito. Rairayi ya shafe ramukan.

Babana ya ce, "Baba, da ka faɗa mini."

Kakana ya ce, "Da na faɗa maka, da mun cinye shi. Yi tono."

Muka bi layi ɗayan da ya rage muna tono, har hannuna ya yi kanta ya fashe. Layi ɗaya dogo ne. Ruwan shuka ya wuce mu. Babana ya tafi ƙwadago fadamar Jiratawa. Ƙanwata ta rasu, ba ta ga girbi ba. Tsohon bai sake zancen tulu ba har ya rasu.

Ban yi lekol ba, wato boko. Ɗiyata ta yi. Kwanan baya ta nuna mini taswira a waya. Ta ce duniya ma an ja mata layuka. Wasu a kwance, suna faɗin nisanka arewa ko kudu daga tsakiyarta. Wasu a tsaye, suna faɗin gabas ko yamma. Kowane wuri lamba biyu gare shi, inda layukan suka haɗu.

Na ce, "Idan an ba ki ɗaya fa?"

Ta yi dariya. "Baba, ai sai ka zagaye duniya kana nema."

Na ce na sani. Na tambaye ta ko ana iya sare layukan. Ta ce a'a, ba itace ba ne.

Gonar an sayar, an yi gini a kai. Tulunan suna ƙarƙashin ɗakin wani. Ni ina Sabon Gari a Maraɗi, ina sayar da gawayi a bakin titi. Lambobin wurin, in ji ɗiyata, sha uku da rabi arewa, bakwai da ɗan wani abu gabas.